Motar da Ba Ta Jiran Amin

In ka tambayi tsofaffin Wurno labarin Ma'azu Direba, ba za su fara da jar motarsa ba. Sai sun yi dariya tukuna, sannan su ce, "Wanda aka yi ma rakiya?" Da haka aka san shi, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai daina jin haushin wannan suna ba.

Ɗan manomi ne. Ubansa yana da garkar albasa a bakin fadama, shi kuma ya tashi da igiyar jigo a hannu, yana ɗebo ruwa yana zubawa a fangali. Tun a nan aka gane ba shi da haƙuri, don kafin ruwa ya kai ƙarshen fangali ɗaya ya riga ya fasa na gaba. Da uban ya rasu, ya bar masa garkar da wani akawalin doki mai lafiya, wanda ko yaro ya hau ba ya tayar masa da hankali.

A shekarun ƙarshe na mulkin Turawa aka kawo taraktoci don noman shinkafa a fadamar Wurno. Ma'azu ya ba wani jinginar garkar, ya shiga aikin, ya koyi tuƙi. Bai daɗe ba ya fara ƙorafi. Ya ce shi ya zo neman abin da ya fi doki gudu, an ɗora shi bisa kunkuru.

Baturen da ke kula da injunan yana da wata ƙaramar mota ja, kujera biyu, ba rufi, ƙasa-ƙasa kamar jirgin fito. An ƙera ta ne don shimfiɗaɗɗun titunan ƙasarsu, inda samari ke tsere, saboda haka rairayin gabashin Sakkwato ya gajiyar da ita, ya gajiyar da mai ita. Da aka yi masa canji zuwa Barno, idonsa ya faɗa kan akawalin, idon Ma'azu kuwa dama yana kan motar. Aka yi musaya.

Mode maƙeri, ɗan kawunsa, wanda wasan taubasantaka ya ba shi ikon faɗa masa duk abin da ya ga dama, ya kewaya motar ya duba ƙarƙashinta. "Bawana," in ji shi, "ka ba da abin da ka cin haki, ka amso abin da za shi cinye ka."

Ma'azu bai ko ji shi ba. Tsakanin Wurno da Sakkwato akwai wani miƙaƙƙen wuri da aka zuba marmara, a nan yake sakin motar, kuma abin da take yi a nan ya sa ya manta an taɓa yin doki a gidansu.

Yana da kyau a ɗan leƙa cikin cikinta, don duk rigimar daga nan ta taso. Injin mota yana da inda ƙarfinsa yake. In juyinsa ya yi ƙasa sai ya shaƙe ya mutu, in ya wuce kima sai ihu ba aiki. Tsakaninsa da taya akwai akwatin giya, cike da faya-fayan ƙarfe masu haƙora, kuma aikinsu aikin jigo ne. Duk mai ban-ruwa ya san inda aka ɗaure gora bisa gwafa shi ke raba aiki: curin laka ya ɗan sunkuya kaɗan, guga ya taso daga can ƙasa. Matsa ɗaurin, sai ka sami ƙarfi ka rasa nisa, ko ka sami nisa ka rasa ƙarfi. Haka giya take. A lamba ɗaya injin yana juyawa sau da yawa kafin taya ta juya sau guda, ƙarfi mai yawa, tafiya kaɗan. A lamba huɗu kuwa tafiya ce mai yawa, ƙarfin kaɗan.

Tarakta da lori, da yake kaya suke ja, lamba ɗayarsu gajera ce ƙwarai, suna iya rarrafe kamar tururuwa. Motar Ma'azu ba don kaya aka yi ta ba. Lamba ɗayarta doguwa ce, sauran kuma an jera su kusa da kusa kamar matakan tsani mai kyau, ta yadda duk lokacin da ya canza, injin bai faɗo daga inda ƙarfinsa yake ba. Sai ta ja, ta sake ja, ta sake ja, ba numfashi a tsakani, har bayansa ya manne da kujera, kukoki su riƙa wucewa kamar ana jifa da su. Wannan jan shi ne abin da Ma'azu ya fi so a duniya, in an cire matarsa Turai.

Abu ɗaya ne motar ba ta iya ba: tafiya irin ta mutum.

Wanda ya ƙera ta bai san ƙasar da ake rakiya ba. A nan baƙo ba ya tashi ya kama hanya kamar ɓarawo. Mai gida zai fito, ya taka masa, ana tafe ana sallama. Surukin Ma'azu kuwa, Malam Abdulƙadiri na Taloka, manomin gero da wake, a rakiya ya yi suna. Daga ƙofar zaurensa har tsamiyar bakin gari yake kai baƙo, hannunsa bisa sirdi ko akumari, kuma addu'arsa a ƙofar zaure take farawa, a gindin tsamiya take ƙarewa. Tana da tsari: baƙon, iyayensa, damina, dabbobi, marasa lafiya, matafiya, sannan hanya. Kowace gaɓa sai an ce amin. Lokacin da Ma'azu ke neman auren Turai bisa akawali, ba a taɓa samun matsala ba. Dokin har ya san inda tsohon ke tsayawa ya huta.

Da cikin fari na Turai ya tsufa, aka kai ta gida Taloka kamar yadda aka saba, don ta haihu can, ta yi wanka. Ma'azu ya fara zuwa gaisuwa da motar.

Zuwan farko, tsohon ya ɗora hannu bisa ƙofar motar ya fara addu'a. Ma'azu ya sa lamba ɗaya, ya saki kuloci a hankali ba tare da ya taɓa totur ba. Ta yi tari biyu a cikin rairayi ta mutu. Dole ya sauko da handul na tayar da inji, ya sunkuya gaban surukinsa yana juyawa, gumi na zuba, yana cewa amin cikin nishi. Zuwa na biyu ya riƙe kuloci rabi da rabi, motar na tafiya tana kuka, har wani wari kamar na ƙonannen ƙaho ya tashi. Tsohon ya rufe hanci da hannun riga, ya ƙarasa addu'ar a haka.

Ranar suna aka yi ɓarnar. Turai ta haifi namiji, aka raɗa masa Ƙasimu, mutane sun zo daga Goronyo da Kagara da Shinaka. Da la'asar Ma'azu ya tashi tafiya, Malam Abdulƙadiri ya fito cikin babbar rigarsa, jama'a na biye. Ma'azu ya dubi rairayin gaban masallaci, ya dubi taron, ya ce a ransa yau kam ba zai sauko da handul a gaban surukai ba. Ya ƙara totur kaɗan. Sabon takalmin fata ne a ƙafarsa, wanda ya saya don suna, ƙasansa da santsi. An wuce damina, an wuce dabbobi, an kai daidai "Allah shi tsare hanya", sai takalmin ya zame daga kan kuloci.

Motar ta yi abin da aka ƙera ta domin shi. Kafin ya taka birki ta kai shi bayan tsamiya, can ta mutu. Da ya waiga, ya hangi surukinsa tsaye, hannu a sama inda ƙofar take ɗazu, rairayi ya rufe masa gaban riga. Ya sauko ya dawo da gudu, amma tsohon ya riga ya shige gida.

Mutum ba ya jayayya da surukinsa, ba ya ma iya kallon idonsa ya yi masa bayanin kuloci. Da aka yi arba'in, lokacin komawar Turai ɗakinta ya yi, sai Ma'azu ya aiki Mode. Ya jira shi a inuwar maƙera har ya dawo.

"Mi yac ce?"

"Ya ce a gaishe ka da aiki."

"Mode, don Allah bar wasa."

"Ya ce shi ba hushi shika yi ba. Addu'a ta dai ba ta ƙare ba. Ya kai ga hanya, ba a ce amin ba, kuma ɗiyatai da jikanai ba su shiga abin da ba ya jiran amin."

"To in ari jaki in ɗauko su."

"Na hwaɗa mai hakanan. Ya ce jaki bai yi mai laihi ba. Wadda tay yanke addu'a, ita za ta komo ta ji ƙarshenta, daga zaure har tsamiya, shina dahe da ita."

Ma'azu ya cire hula ya buga a gwiwa. "Wai mota ta, ba ɗiyar mutane ba! Ƙaƙa za ni koya ma ƙarhe ladabi?"

"Ni kullum shi nika yi," in ji Mode, ya ɗauki masaba. "Sai dai da wuta."

Ya gwada duk abin da ya sani. Ya rage ƙarar injin, ta riƙa mutuwa tun kafin ta motsa. Ya sace iskar tayoyi. Ya ɗaura mata buhunan albasa wai nauyi ya danne ta, sai ta ƙara saurin mutuwa, ta kuma ɗauki wari. Yakan sa Mode ya yi tafiyar tsofaffi a gefenta a bayan gari, Mode kuwa har da sanda da tari da addu'ar ƙarya, yana roƙa wa bawansa hankali. Kowane gwaji, ko ta bar Mode a baya, ko ta tsaya cik.

Daga nan suka yi dabara. Suka je Taloka, aka gaisa, da tsohon ya fito rakiya sai Ma'azu ya bar injin a kashe, ya riƙe sitiyari da hannu ɗaya yana turawa, Mode na turawa daga baya. Malam Abdulƙadiri ya yi taku kaɗan, ya tsaya, ya dubi Mode.

"Lahiya? Ta rasu?"

"A'a Baba, hutawa taka yi."

"Ni masu rai nika ma rakiya. Wagga sai ku nemi liman." Ya juya ya koma zaure.

Ran nan Turai ta sami Ma'azu ta bayan darni, inda ake shanya. Ba ta ɗaga murya ba, don kada innarta ta ji.

"Maigida, sai yaushe?"

"Ina ƙoƙari."

"Ƙoƙarin mi? Na sha kunun kanwa har na hwara jin warinai cikin barci. Inna ta ga na warke, ta miƙo man taɓarya. Matan gari sun hwara tambaya ko yaji niy yi. Ɗakina na can, Allah kaɗai ya san abin da gara tay yi ma tabarmina."

"Ke ba ki gane ba. Lamba ɗaya ta doguwa ta, in niz zo..."

"To a rage mata tsawo. Wando ma in ya yi tsawo kai shi aka wurin maɗinki." Ta ɗauki kwaryarta. "Yaron nan ya hwara dariya. Kakanai shika ma, ba kai ba."

Wannan maganar ta bi shi har Wurno.

Mode ne ya tuna da wata tsohuwar kitika, irin ƙananan motocin kayan nan, da ta mutu a Rabah a bayan rumfar wani mai awon gyaɗa, kaji na ƙwai a cikinta. Injinta ya fashe, amma akwatin giyarta lafiya lau. Ma'azu ya je ya kwance shi, ya juya da hannu, ya ga lamba ɗayar gajera ce kamar ta tarakta. Ya ga sauran abin kuma. Giya uku ce kawai a ciki, kuma tsakanin kowace da mai bi mata akwai rata kamar tsanin da aka cire wa matakai. Bai buƙaci kowa ya gaya masa ma'anar haka ba. Motar za ta yi rarrafe, amma jan nan mara numfashi ya tafi ke nan.

Ya bar akwatin a maƙera, ya ƙi komawa ta kansa. Yana ta faɗa da kowa. Ya ce a duk ƙasar Sakkwato ba mai mota irin tasa, Turawa ma tsayawa suke su duba ta, amma shi an ce sai ya mai da barewa jaka don wani tsoho ya ji daɗin tattaki. Ya ce addu'a ai a tsaye ma ana yin ta. Ya ce Allah yana jin amin ko daga nesa. Duk wannan a maƙera yake faɗa, inda ba mai kai wa Taloka. Da dare kuwa gida shiru, tuwo sai na maƙwabta.

Wata safiya ya fita da ita kan marmarar nan shi kaɗai. Ya sake ta, ɗaya, biyu, uku, huɗu, ya juyo ya sake yi. Sannan ya wuce kai tsaye maƙera, ya tsaya, ya ce wa Mode, "Hura wuta."

Aikin ya ci su. Akwatin kitika bai dace da bakin injin ba, sai da Mode ya ƙera faranti mai kauri ya huda shi, ya rage tsawon sandar da ke kai juyi ga tayoyin baya, ya sake ragewa. Yana bugu yana waƙar habaici. Tsohon akwatin kuwa Ma'azu ya wanke shi, ya shafe shi da mai, ya naɗe cikin buhu. Ya ce da zarar Turai ta tare zai mayar.

Ranar da suka koma Taloka rana ta take sosai. Aka ɗaura kayan Turai a baya, tukwane da ƙullin gari da tabarma sabuwa. Ta shiga ta zauna da jaririn a cinya, ta ja mayafi ta rufe fuska, don kunyar ɗan fari a gaban iyaye. Rabin gari ya fito kallo. Malam Abdulƙadiri ya iso, ya ɗora hannu bisa ƙofar, daidai inda ya ɗora ranar suna.

Ma'azu ya cire takalmi, ya taka kuloci da ƙafa tsirara. Ya sa lamba ɗaya, ya saki.

Motar ta motsa kamar saniya mai ciki. Ta shiga rairayin gaban masallaci tana gurnani a hankali, ba ta yi tari ba. Tsohon ya yi taku ɗaya, ya yi na biyu, hannunsa bai goce ba. Ma'azu ya zaci daga "hanya" za a ci gaba, tunda nan aka tsaya. Ina! Daga fari aka ɗauko. Aka roƙa masa, aka roƙa wa ubansa da ke kabari, aka shiga damina. Tsohon ya ƙara gaɓar da ba a taɓa ji ba, ta masu gaggawa, Allah ya sanyaya zukatansu, jama'a suka amsa da ƙarfi, muryar Mode ta fi ta kowa.

Tafiyar hawainiya cikin zafin rana ba iska, sai ruwan injin ya fara tafasa. Ma'azu ya ga tururi na fitowa ta hancin motar, siriri tukuna, sannan ya yi kauri. Tsamiya na can gaba. In ta mutu a nan, an koma gidan jiya. Ba ya iya ƙara sauri, ba ya iya tsayawa, ba ya iya cewa Baba a taƙaita. Ya riƙe sitiyari, gumi na ɗiga daga haɓarsa, yana jefa amin tun kafin gaɓa ta ƙare.

"Bari in kai aya, ɗana," in ji tsohon, ba tare da ya dube shi ba.

Suka shiga inuwar tsamiya motar na huci kamar tukunyar dambu. "Allah shi tsare hanya," in ji Malam Abdulƙadiri. "Shi kai ku lahiya, shi ba ku zaman lahiya."

"Amin!" in ji Ma'azu, har tsuntsaye suka tashi.

Tsohon ya shafa fuska. Ya ɗan bubbuga ƙofar motar kamar yadda yake yi wa wuyan akawali, ya ce, "Wagga ta yi hankali. Tahiya da ita ma daɗi. Ku zuba mata ruwa ta sha, in ƙara taka muku har bakin gulbi."

Aka kawo tulu. Aka taka har bakin gulbi.

Rana ta yi sanyi kafin su hau hanyar Wurno. Da suka sami wuri mai ƙarfi, Ma'azu ya ba ta wuta. A lamba ɗaya ta yi ihu ba ta je ko'ina ba. Ya sa ta biyu, injin ya faɗa cikin ratar nan ya yi luƙus, ya daɗe yana tattara kansa kafin ya soma ja. Ta uku ma haka. Wani mai raƙumi da suka wuce ya sami sararin yi musu sannu, har ya tambayi mutanen gida.

Turai ta yaye mayafi ta gyara wa jaririn kwanciya. "Ka gani? Haka ta hi. Ko motsi bai yi ba."

Ma'azu ya gyara riƙon sitiyari, ya ci gaba da tuƙi.

Bai mayar da tsohon akwatin ba. Malam Abdulƙadiri ya yi tsawon rai, Turai kuma ta yi ta haihuwa, kowace haihuwa da ziyararta. Labari ya bazu cewa akwai motar da ake iya yi wa rakiya, saboda haka duk ƙauyen da ya shiga, daga Rabah har Goronyo, sai dattawa sun fito sun dafa ta, wasu ma ba wurinsu ya zo ba. Ya yi shekaru yana kai marasa lafiya asibiti da ita, yana kai amare, kullum yana ƙorafi, kullum yana cewa bayan salla zai kwance ya mayar.

Akwatin yana nan a gidan har bayan rasuwarsa. Buhun ya ruɓe tuntuni. Da yake yana da nauyi, kuma yana da kunne mai huda, a jikinsa Turai take ɗaure akuyarta.